Me gwamnati ke yi wa 'yan ƙasa mazauna ƙetare, kuma su wa take nufi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni direba ne a Jidda, na daɗe a nan, iyalina suna Kano. Kullum muna ji a rediyo ana maganar hukumar 'yan Najeriya mazauna ƙetare, ana taro a Abuja, ana yabon kuɗin da muke aikawa gida. Amma mu da ke Saudiyya, da 'yan'uwanmu na Libiya da Sudan, ba mu ga abin da ya canza ba. Mene ne ainihin tsarin gwamnati a kanmu? Wasu ƙasashen me suke yi wa nasu mutanen? Kuma me ya hana a bar mu mu yi zaɓe?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a nema. Tsarin yana nan, da dokarsa da hukumarsa da takardunsa. Sai dai wanda aka sa a gaba lokacin da ake tsara shi ba kai ba ne. Likitan da ke Landan ne, da injiniyan da ke Amurka, mutumin da ke da takardun zama cikakku, da asusun banki, da dalar da zai iya zubawa a jari. Direba a Jidda, da shagala, wato 'yar aikin gida, a Riyad, da mai aikin gini a Sabha, da ɗalibi a Khartum, galibi ba a tuna su sai ranar da wuta ta tashi. Na daɗe ina bibiyar harkar ƙaura da kuɗin da ake aikowa gida, kuma ma'aunina ɗaya ne: kafin gwamnati ta nemi kuɗin ɗan ƙasa ko basirarsa, shin ta san yana raye, ta ba shi takarda, ta tsaya masa in an zalunce shi? Da wannan ma'aunin zan bi tambayoyinka.

Maganar ta fara ƙarfi ne a farkon mulkin Obasanjo, wajen shekarar 2000, lokacin da aka kafa ƙungiyar NIDO domin haɗa kan ƙwararrun 'yan Najeriya da ke Turai da Amurka. Daga baya aka ware 25 ga Yuli a matsayin ranar mazauna ƙetare. Dokar kafa NiDCOM, wato hukumar 'yan Najeriya mazauna ƙetare da kake ji a rediyo, an sa mata hannu a 2017, hukumar ta kama aiki sosai a 2019 a ƙarƙashin Abike Dabiri-Erewa, sannan a 2021 majalisar zartarwa ta amince da manufar ƙasa kan mazauna ƙetare. Hukumar tana shirya taron masu zuba jari duk shekara, tana karɓar koke, kuma ta sa baki a shari'o'in mutane da dama da aka tsare a waje, har wasu suka kuɓuta. Wannan aiki ne, ba zan raina shi ba.

Amma ka lura da abin da ba ya hannunta. Fasfo na hukumar shige da fice ne, ita kuma tana ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida. Ofisoshin jakadanci na ma'aikatar harkokin waje ne. Lasisin ejan mai kai mutane aiki waje na ma'aikatar ƙwadago ne. Lambar NIN ta hukumar NIMC ce. Dokar aiko da kuɗi ta Babban Banki ce. Zaɓe na INEC ne da majalisa. Ke nan duk abin da ke taɓa rayuwarka kai tsaye yana wani ofishi daban, NiDCOM kuwa mai roƙo ce da tuntuɓa. Shi ya sa kake jin sunanta a rediyo, amma ranar da fasfonka ya ƙare ba ita kake gani ba.

Abin da ya farkar da gwamnati shi ne kuɗi. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2023 an aiko Najeriya dala biliyan 19.5, wato fiye da kashi ɗaya cikin uku na duk abin da ya shigo ƙasashen Afirka kudu da Sahara a shekarar. Ƙasar da ke fama da ƙarancin dala ba za ta kau da kai daga wannan ba. Matsalar Babban Banki ita ce, wani kaso mai yawa na kuɗin ba ya bi ta banki, kuma kai ka fi ni sanin yadda ake yi. Ka karɓi albashi, ka je wurin mutumin da ka sani a Karantina ko Bab Makka, ka ƙirga masa riyal, ya buga waya Wapa, kafin ka koma mota uwargida ta kira ta ce alat ya shigo. Ba fom, ba layi, ba wanda ya tambaye ka iƙama, wato katin izinin zama, kuma farashin ya fi na banki. Riyal ɗin ya zauna a Jidda, wani ɗan kasuwa zai saya ya biya kuɗin jallabiyoyi ko dabino. Babban Banki bai ga ko sisi ba.

A watan Maris na 2021 bankin ya fito da shirin ba da naira 5 a kan kowace dala da aka aiko ta hanyar hukuma. Amma zuwa ƙarshen 2022 dala tana wajen naira 450 a farashin gwamnati, a kasuwar 'yan canji kuwa ta haura 700. Wa zai bar bambancin ɗaruruwan naira saboda naira biyar? An rufe shirin a tsakiyar 2023. Abin da ya fi tasiri shi ne matakin da aka ɗauka tun daga Yunin 2023 na barin farashin gwamnati ya kusanci na kasuwa, da kuma barin kamfanonin aika kuɗi su yi amfani da farashin kasuwa daga farkon 2024. Matakin ya jefa talakan gida cikin tsadar da kowa ya sani, iyalinka ma sun ɗanɗana, amma ta fuskar aiko da kuɗi ya cire babban dalilin da ke sa mutane guje wa banki. A 2025 kuma aka fito da asusu na musamman ga mazauna waje, da hanyar samun lambar BVN ta intanet ba sai mutum ya zo gida ba. Wannan na ƙarshe zai iya yi maka amfani in takardunka sun cika. Wanda iƙamarsa ta mutu, ko kafilinsa, wato mai gidan da izinin zamansa ke ƙarƙashinsa, ya riƙe masa fasfo, ƙofar a rufe take. Sannan har yanzu aika kuɗi zuwa Afirka kudu da Sahara shi ne mafi tsada a duniya: a 2023, a kan dala 200 ana cire kusan kashi 8 cikin ɗari, alhali burin da ƙasashen duniya suka sa wa kansu shi ne a sauko ƙasa da kashi 3 kafin 2030. Duk gwamnatin da ke son ta yi wa mai aiko da kuɗi alheri na gaske, nan ya kamata ta matsa, ta hanyar ba kamfanoni da yawa lasisi su yi gasa.

Akwai kuma rancen da gwamnati ke nema daga 'yan ƙasarta na waje. A Yunin 2017 Najeriya ta sayar da takardun lamuni na dala miliyan 300 ga mazauna ƙetare, na shekara biyar. Isra'ila ta fara irin wannan tun 1951. Indiya kuwa, a 1998, lokacin da aka ƙaƙaba mata takunkumi bayan gwajin nukiliya, ta tara dala biliyan 4.2 daga 'ya'yanta na waje. Irin wannan rance kan amana yake tafiya, mutum yana saye ne in ya yarda za a biya shi kuma zai ga abin da aka yi da kuɗin. Wani abu da nake ganin an yi sakaci da shi: takardun 2017 na kuɗin ruwa ne, kuma da yawan mutanenmu da ke ƙasashen Larabawa ba za su taɓa su ba. A shekarar ce kuma gwamnati ta fara sayar da sukuk, wato takardun zuba jari na tsarin Musulunci marasa kuɗin ruwa, na naira biliyan 100 a cikin gida, aka yi hanyoyi da kuɗin, aka kafa alluna kowa yana gani. Da an tsara sukuk na musamman ga mazauna ƙetare, mai ƙaramin kaso da direba ko tela zai iya saye, da an samu masu shiga daga Jidda da Dubai da Doha.

Yanzu ga tambayarka ta biyu. In kana son ganin ƙasar da ta ɗauki ɗan ƙwadagon waje da muhimmanci, dubi Filifin, kuma 'yan ƙasar suna nan kewaye da kai a asibitoci da gidaje da garejoji. Su ma ba haka suka fara ba. A Maris na 1995 aka rataye wata 'yar aikin gida mai suna Flor Contemplacion a Singafo bisa laifin kisa. Jama'ar Filifin suka tashi, suna cewa gwamnatinsu ta yi watsi da ita. Ministan harkokin waje da ministar ƙwadago suka sauka, kuma cikin 'yan watanni majalisa ta yi dokar kare ma'aikata masu ƙaura. Yau ɗan Filifin ba ya hawa jirgi zuwa aiki sai hukuma ta duba kwantiraginsa ta tabbatar da ita, sai ya halarci bitar da ake yi kafin tafiya, inda za a faɗa masa dokokin ƙasar da zai je da lambar da zai kira in ya shiga matsala. Ana biyan dala 25 cikin asusun OWWA, hukumarsu ta kula da jin daɗin ma'aikatan ƙetare, daga ciki ake dawo da wanda ya maƙale, a biya iyalin wanda ya rasu, a tallafa wa karatun 'ya'yansa. Kamfanin da ya kai ma'aikaci yana da alhaki tare da mai gidan aikin: in an hana albashi, ma'aikacin zai iya kai ƙarar ejan ɗin a Manila. A Saudiyya suna da jami'an ƙwadago a ofisoshin jakadancinsu, da gidan da ake saukar da matan da suka gudu daga zalunci. A 2013 suka ƙulla yarjejeniya da Saudiyya kan 'yan aikin gida, da albashi mafi ƙanƙanta na dala 400. A ƙarshen 2021 suka yi dokar da ta tattara duk waɗannan a ma'aikata guda. Ana zaluntar 'yan Filifin har gobe, ba na musu. Amma wadda aka zalunta ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa, kuma mai gidan ya san akwai wanda zai tambaye shi.

Kwatanta da yadda 'yar'uwarmu ke tafiya. Ejan ne zai zo har gida, ta hannun wata makwabciya, ya yi alkawarin aiki, a sayar da fili ko a ci bashi, a yi mata bizar umara ko ta ziyara. Ba kwantiragi, ba wanda ya rubuta sunanta. Biza ta ƙare, ta koma zaman ɓuya, tana shagala gida-gida, duk wanda ya ga dama ya hana ta haƙƙinta domin ya san ba za ta je wurin 'yan sanda ba. Ƙarshenta a kama ta a kai tarhil, wurin da ake tsare waɗanda za a koro gida. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta wajabta wa duk mai ɗaukar mutane aiki zuwa waje ya mallaki lasisi, akwai manufar ƙaurar ma'aikata tun 2014, akwai hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane tun 2003. Amma cibiyoyin wayar da kan masu niyyar tafiya da aka fara buɗewa suna Legas da Abuja da Benin ne, saboda hanyar Turai aka sa a gaba, kuma Turawa ne ke ba da tallafin. Hanyar Kano zuwa Jidda, wadda ta girmi ƙasar kanta, ba ta samu irin wannan kulawa ba. Gyaran da Saudiyya ta yi wa tsarin kafili a Maris na 2021, wanda ya sauƙaƙa canza wurin aiki, bai shafi 'yan aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba, kuma nan ne mutanenmu suka fi yawa. Wasu na cewa a hana mata tafiya baki ɗaya. Indonusiya ta gwada, ta hana kai 'yan aikin gida ƙasashen Gabas ta Tsakiya a 2015, matan ba su daina tafiya ba, sai dai suka koma bi ta ɓarauniyar hanya, kariyar da suke da ita ta ƙara raguwa. Mai yunwa ba a tsare shi da doka. A buɗe masa hanyar halal mai rajista, a kama ejan ɗin da ya kauce mata.

Sai maganar takarda, wadda a wurina ita ce uwa. Meziko tana da miliyoyin 'yan ƙasa a Amurka, da yawansu ba su da izinin zama. Ba ta ce su je su ji da kansu ba. Ta buɗe ƙananan ofisoshin jakadanci kusan hamsin, tana ba kowane ɗan ƙasa katin shaida ba tare da tambayarsa ko yana da biza ba, kuma bankunan Amurka da yawa suka yarda da katin wajen buɗe asusu. Jami'an har ɗaukar injinansu suke yi su tafi ƙananan garuruwa a ƙarshen mako, su zauna a coci ko makaranta suna yi wa mutane takardu. Ka yi tunanin a ce ƙaramin ofishinmu na Jidda yana zuwa Shara Mansur a Makka, ko Madina, ko Jizan, da injin ɗaukar hoto da zanen yatsa, a kan jadawalin da kowa ya sani.

Na san gidajen da ake da yaro ɗan shekara goma sha biyar, an haife shi a Makka, Hausa da Larabci duk bakinsa, amma ba takardar da ta ce shi ɗan wata ƙasa ne. Saudiyya ba ta ba da ɗan ƙasanci don an haifi mutum a cikinta. Makarantar gwamnati ba ta karɓarsa, asibiti sai da dabara, in aka kama shi za a tura shi ƙasar da bai taɓa gani ba. Alhali sashe na 25 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka haifa a waje, muddin ɗaya daga cikin iyayensa ɗan Najeriya ne, to shi ma ɗan ƙasa ne ta haihuwa. Haƙƙin yana nan, hujjar ce babu, kuma samar da hujjar aikin ofishin jakadanci ne. Yanzu fasfo sai da NIN, NIN a waje kuma sai ta hannun kamfanonin da aka ba lasisi, da kuɗi. Da aka fito da tsarin sabunta fasfo ta waya ba tare da zuwa ofis ba, a Nuwamban 2024, da Kanada aka fara, sannan Ingila da Turai. Jerin ya nuna maka wanda ake tunawa da farko.

Yaƙin Sudan ya tona asirin wannan rashin rajista. Faɗa ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023, dubban ɗalibai, mafi yawansu 'yan Arewa, suka maƙale. Ba wanda ke da cikakken jerin sunayensu. Shugabannin ɗalibai ne suka riƙa tattara sunaye a WhatsApp. Aka ɗauko motocin haya, wasu suka tsaya a sahara kan rigimar kuɗi, waɗanda suka isa iyakar Masar suka kwana da kwanaki a fili kafin a bar su su shiga. Jiragen farko sun sauka Abuja a farkon Mayu, daga ƙarshe aka kwaso sama da mutum dubu biyu ta Masar da Port Sudan. An yi ƙoƙari, Allah ya saka wa waɗanda suka yi. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Bayan 'yan watanni, a Satumban 2023, aka kira dukkan jakadun Najeriya gida, aka shafe fiye da shekara ofisoshin suna hannun masu riƙon ƙwarya. Wanda ke tsare a kurkukun wata ƙasa ya fi kowa sanin bambancin jakada da mai riƙo.

Kuma ga hanya a shimfiɗe ba a bi. Duk garin da Hausawa suka zauna, daga Abijan zuwa Yawunde zuwa Jidda, akwai Sarkin Hausawa ko shugaban al'umma, akwai limami, akwai mai masauki. Su suka san wanda ya zo, wanda ya rasu, wanda aka kama. Tsarin hukuma ya fi sabawa da ƙungiyoyi masu shugaba da sakatare da shafin intanet, shi ya sa muryar NIDO ke isa Abuja, ta waɗannan dattawan kuwa ba ta isa.

A nan dole in ja layi tsakanin ɗan ƙasa da wanda asalinsa kawai ya fito daga nan. Hausawan Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, zuriyar waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, da jikokin alhazan ƙafa da suka tsaya noman auduga a Jazira, 'yan Sudan ne. Mutanen zangon Kumasi da Nima 'yan Gana ne. Duk manufar da za ta riƙa kiransu 'yan Najeriya tana iya jawo musu fitina, domin abin da maƙiyansu ke faɗa ke nan. Dattawan zango ba su manta da 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana, aka kori dubun-dubatar mutane har da waɗanda a can aka haife su. Indiya ta samo mafita a 2005: ta fito da katin da ke ba zuriyarta izinin shiga da zama da aiki ba tare da biza ba, amma ba ɗan ƙasanci ba ne, ba ya ba da ƙuri'a. Irin wannan alaƙa ta zumunci da kasuwanci da ilimi ita ta dace da su.

Zaɓe kuwa, kundin tsarin mulki ne ya tsaya a gaba. Sashe na 77 da na 117 sun ce wanda za a yi wa rajistar zaɓe sai yana zaune a Najeriya lokacin rajistar. In ka zo gida ka yi rajista ka dawo ranar zaɓe, ba mai hana ka, amma ba za a kai maka akwati Jidda ba sai an gyara kundin. Gyaran yana buƙatar kashi biyu cikin uku na Majalisar Dattawa da ta Wakilai, da amincewar majalisun jihohi 24. An kawo ƙudurin a Maris na 2022, ya faɗi. Akwai tambayoyi na gaskiya a ciki. Sashe na 134 ya ce ɗan takarar shugaban ƙasa sai ya samu kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu cikin uku na jihohi, to ƙuri'ar Jidda a wace jiha za a lissafa ta? Wa zai sa ido a akwatin da ke ofishin jakadan da shugaba mai ci ya naɗa? Sannan akwai tsoron da ba a faɗa a fili: 'yan siyasa ba sa son masu zaɓen da ba su san yawansu ba, kuma ba za su iya kai musu shinkafa ba. Wasu 'yan majalisar Arewa suna ɗauka cewa ƙuri'ar waje ta 'yan Kudu ce. Da za su ƙirga 'yan mazaɓunsu da ke Saudiyya da Sudan da Chadi da Kamaru da Nijar da Libiya, da sun sake lissafi.

Maƙwabta sun riga mu. Nijar ta amince da ɗan ƙasanci biyu a 2014, ta ɗauki mazauna waje a matsayin yanki na tara, ta ware musu kujeru 5 cikin 171 na majalisar dokoki. A zaɓen 2020 ba a samu yi musu rajista ba saboda korona, kujerun suka zauna ba kowa har Yunin 2023 da aka yi zaɓen cike gurbi, wata guda bayan nan sojoji suka karɓi mulki majalisar ta rushe. Senegal tun 2017 tana da 'yan majalisa 15 daga mazauna waje cikin 165. Kenya ta fara da ƙasashe huɗu na maƙwabta a 2013, a zaɓen shugaban ƙasa kaɗai, ta kai ƙasashe 12 a 2022, amma waɗanda suka yi rajista kimanin dubu goma ne kacal. Gana ta yi dokar tun 2006, aka yi zaɓe bayan zaɓe ba a aiwatar ba. Ina goyon bayan a ba ku ƙuri'a, kuma hanyar Kenya ta fi dacewa da mu, a fara da zaɓen shugaban ƙasa a 'yan ƙasashe. Fargabata ita ce in aka ce sai mai fasfo mai rai da izinin zama, kuma aka fara da Landan da Washinton, to za a sake maimaita wariyar nan a cikin akwatin zaɓe. Kujerun majalisa irin na Senegal sun fi amfani ga mutum irinka, domin za a samu wanda aikinsa ke nan ya tashi a zauren majalisa ya tambayi dalilin da fasfo ke daɗewa a Jidda.

Kada kuma a jingina komai ga Abuja. Jihar Kerala a Indiya, wadda 'ya'yanta suka cika ƙasashen Larabawa, ta kafa sashen kula da mazauna waje tun 1996, tana ba su katin shaida, tana tantance takardun karatunsu, tana ba waɗanda suka dawo rancen fara sana'a. Kano da Katsina da Jigawa da Sakkwato da Borno kowacce tana da hukumar alhazai mai jami'i a ƙananan hukumomi, masu zuwa Saudiyya duk shekara. Jihar da ta iya rubuta sunan kowane maniyyaci za ta iya rubuta sunan mai tafiya aiki, ta tantance ejan, ta karɓi wanda aka koro daga tarhil da abin da ya wuce kuɗin mota.

Kafin a kai can, Malam, ga abin da ke hannunka. Ka yi rajista a ƙaramin ofishin jakadanci na Jidda, ka fara neman sabunta fasfo tun saura watanni da dama ya ƙare, ka ajiye hoton fasfo da iƙama da kwantiragi a waya, ka aika wa iyali kwafi. Duk wanda ka sani da aka haifa masa yaro a can, ka matsa masa ya kai takardar asibiti ofishin tun yaron yana jariri, ko da shi uban zamansa ba daidai yake ba. In aka kama ɗan'uwa, yarjejeniyar Biyana ta 1963 kan hulɗar ƙananan jakadu, a sashe na 36, ta ba shi damar neman a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa, amma sai shi ya buɗe baki ya nema, don haka ku koya wa juna. In kuna da koke, kada ya tsaya a saƙon murya. Ku haɗu da shugabannin al'umma ku rubuta shi, da sunaye da ranaku da lambobin fasfo, ku aika wa NiDCOM da kwamitin majalisa kan mazauna ƙetare, ku ba ɗan majalisar mazaɓarku kwafi ta hannun iyalanku da ke da katin zaɓe a Kano.